Ƙona Shara: Awon Awa Shida Bai Isa Shaida Ba

Tun da birane suka bunƙasa, jama'a suka yawaita, shara ta zama wani nauyi wanda kowace hukuma take neman inda za ta sauke shi. Daga cikin dabarun da aka gwada babu wadda ta kai ƙonawa shiga ran mahukunta, dalili kuwa a fili yake. Wuta tana cinye tulin shara ta bar toka wadda ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 na girman tulin ba, kuma idan an yi ginin yadda ya kamata, zafin wutar yana iya juya inji ya ba da lantarki. Sabo da haka ne ƙasar Habasha ta buɗe masana'antar ƙona shara a Adis Ababa cikin shekarar 2018, a gefen babban jujin nan na Koshe inda shara ta zabtaro a 2017 ta hallaka mutum fiye da 100. A 2024 kuma Gwamnatin Jihar Legas ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani na ƙasar Holan domin a gina irinta a Epe. Ba abin mamaki ba ne nan gaba kaɗan a ji waɗansu jihohin sun bi sahu, tun da yake babu babban birnin da bola ba ta toshe masa lambatu.

To, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba a ranar bikin sa hannu. Duk abin da ya shiga tanderu ta hanya biyu yake fita, toka ta ƙasa, hayaƙi ta sama, kuma a cikinsu duka biyu akwai guba. Wane ne zai auna wannan guba, a wace rana, na tsawon wane lokaci, kuma wa zai ga sakamakon? Ƙasashen Turai sun shafe shekaru masu yawa kafin su ba da amsar da ta dace, sun kuwa biya da tsada. Ya kamata a duba abin da ya same su tun kafin takardar kwangila ta iso teburin Babban Sakatare.

A kudu maso gabashin Faransa, cikin wani kwari na duwatsun Alps, kusa da garin Albertville wanda ya karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na hunturu a 1992, akwai wani ɗan gari mai suna Gilly-sur-Isère. Ƙasar makiyaya ce, arzikin mutanenta shanu ne da madara da cuku. Shekara da shekaru wata ƙaramar masana'anta tana ƙona sharar garuruwan yankin, hayaƙinta yana tashi yana kwanciya cikin kwarin, domin duwatsu sun tare iska. A 1997 Gwamnatin Faransa ta ba da umarni a riƙa auna wata guba mai suna dayoksin a manyan masana'antun ƙona shara, watau masu cinye fiye da tan 6 cikin awa ɗaya. Ta Gilly ba ta kai wannan girma ba, sabo da haka umarnin bai hau kanta ba, aka ci gaba da aiki kamar jiya kamar yau.

Sai a 2001 aka auna. Abin da aka samu a bututun hayaƙin ya ninka iyakar da Tarayyar Turai ta yanke har sau 750. Cikin watan Oktoba na shekarar aka rufe masana'antar, aka shiga gwada madara da nama da ciyawa a gonakin kewaye. Kafin ƙura ta lafa an kashe dabbobi kusan 7,000, an zubar da madara fiye da lita miliyan 2, makiyaya da yawa kuma suka wayi gari ba su da garke. Abin lura a nan shi ne ba ranar da aka auna gubar ta fara fita ba. Tana fita tun da daɗewa, shanu suna ci a ciyawa, yara suna sha a madara, takardun ofis kuwa babu abin da suka nuna, domin ba a taɓa tambayar su ba. Bayan wannan abin kunya ne Gwamnatin Faransa ta bi ƙananan masana'antun da ba su cika sharaɗi ba ta rufe su kafin ƙarshen 2002.

Wajibi ne mai karatu ya san irin wannan guba, domin halinta shi ya sa awonta yake da wuya. Babu wanda yake haɗa dayoksin don sayarwa. Shi yake haifar kansa a duk inda aka ƙona abu mai ɗauke da sinadarin kulorin, ƙonuwar kuma ba ta cika ba. Kulorin kuwa yana cikin roba nau'in PVC wadda ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ita, yana ma cikin gishirin da ke ragowar abinci. Dokar Turai ta ce lalle hayaƙin tanderu ya kai zafin digiri 850 na ma'aunin Santigirad, ya kuma zauna a haka aƙalla daƙiƙa 2, domin wannan zafi yana wargaza gubar. Sai dai a nan ne gizo yake saƙa. Idan hayaƙin ya baro wuta ya fara hucewa, ya sauko tsakanin digiri 450 da 200, sai dayoksin ya sake haɗuwa a jikin ƙurar toka, musamman idan akwai ɓurɓushin jan ƙarfe a ciki. Watau tanderu yana iya ci da wuta sosai, bututu ya fitar da hayaƙi fari tas, amma gubar tana ƙulluwa a hanya. Ido ba ya ganin ta, hanci ba ya jin ta.

Idan ta sauka a ƙasa ko a ciyawa ba ta ruɓewa da sauri, ruwa kuma ba ya wanke ta, sai dai ta shige cikin kitsen duk dabbar da ta ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da yake shiga jikin ɗan Adam ta abinci yake shiga, galibi nama da madara da kifi, kuma jiki yana ɗaukar shekara 7 zuwa 11 kafin ya fitar da rabin abin da ya tara. A 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta wannan hukuma ta sanya mafi munin dayoksin cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum ciwon daji. Har wa yau yana raunana garkuwar jiki, yana kuma taɓa ɗan tayi tun yana ciki. Duniya ta fara tsorata da shi sosai a 1976, lokacin da wata masana'antar sinadarai ta yi aman tururi a kan garin Seveso na ƙasar Italiya, fatar yara ta feso da ƙuraje, dabbobi suka yi ta mutuwa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1977, masana uku na Jami'ar Amsterdam, Olie da Vermeulen da Hutzinger, suka gano cewa wannan guba tana nan cikin toka da hayaƙin masana'antun ƙona shara na ƙasarsu. Kafin wannan shekara an yi kusan ƙarni guda ana ƙona shara a biranen Turai babu wanda ya san da ita.

Ba dayoksin kaɗai ke fita daga bututu ba. Akwai ƙura, da iska mai tsami, da iskar kabon monoksaid, da ƙarafa masu guba irin su dalma da zaiba. Yawancin iskokin nan da ƙurar awonsu bai zama matsala ba, domin akwai na'urorin da ake kafawa a jikin bututu suna karantawa dare da rana, ma'aikaci yana zaune yana ganin lambobi a gabansa. Dayoksin ne ya gagari irin wannan na'ura, sabo da ƙanƙantar abin da ake nema.

Iyakar da Jamus ta yanke a 1990, wadda Tarayyar Turai ta ɗauka a dokarta ta shekarar 2000, ita ce nanogiram 0.1 a cikin kubik mita ɗaya na hayaƙi. Kubik mita shi ne cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Nanogiram kuwa, a ɗauki giram ɗaya a raba shi gida miliyan dubu, kashi ɗaya shi ne nanogiram. Iyakar kuma kashi ɗaya ce cikin 10 na wannan. Ɗalibin lissafi zai iya gwadawa da kansa: daidai yake da a watsa giram ɗaya tak cikin iskar da ta cika fili mai tsawon kilomita 10, faɗin kilomita ɗaya, ta kuma yi sama kilomita ɗaya. Bugu da ƙari, dayoksin da 'yar'uwarsa furan iyali ne mai 'ya'ya 210, amma 17 daga ciki ne ake tsoro, ƙarfinsu kuma ba ɗaya ba ne. Sabo da haka masana suka ɗauki mafi muninsu, wanda ake kira TCDD, suka mai da shi mudun awo. Kowane ɗaya daga sauran ana auna yawansa, a lissafa shi gwargwadon ƙarfinsa idan an kwatanta da wancan, sa'an nan a tara. Jimlar ita ce ake rubutawa da haruffan TEQ a rahoto, kuma jami'in da aka kawo wa rahoton da babu waɗannan haruffa yana da dalilin mayar da shi.

Yadda ake ɗaukar samfurin ma aiki ne ja. Ma'aikata suna hawa bututu, su zura wani dogon ƙarfe mai rami ta wata ƙofa da aka tanada, su riƙa zuƙo hayaƙin daidai da saurin da yake tafiya, domin in an yi sauri ko an yi jinkiri ƙurar da za ta shigo ba za ta yi daidai da ta cikin bututun ba. Hayaƙin yana ratsa matata, a sanyaya shi, sa'an nan ya bi ta cikin wani ƙaro na musamman wanda gubar take maƙalewa a jikinsa. Tun kafin a fara ana ɗiga wa kayan wani dayoksin mai alama wanda aka san yawansa, don a gane nawa ya salwanta a hanya. Ana yin wannan zuƙa na awa 6 zuwa 8. Daga nan a rufe samfurin a kai ɗakin bincike, inda za a tace shi sau da yawa kafin a sa shi a na'urar da ke rarrabe sinadarai bisa nauyinsu. Sakamako ba ya fitowa sai bayan makonni. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma idan an yi shi da gaskiya lambar da ya bayar gaskiya ce.

Amma gaskiyar awa 6 ce. Dokar Turai ta 2000 ta wajabta irin wannan awo aƙalla sau 2 a shekara. Shekara tana da awa 8,760, awo biyu kuwa ba su wuce awa 16 ba, watau ana duba awa ɗaya ne daga cikin kowace awa 500 da 'yan kai. Daɗin daɗawa, mai masana'anta ya san ranar da masu awo za su zo, sau da yawa ma shi ne ya ɗauko su, shi zai biya su. Ba sai ya yi ha'inci ba kafin lambar ta yi kyau. Ya isa kawai ya tabbatar an share matata, an zuba sabon garin gawayin da ke kama guba, an ajiye jiƙaƙƙiyar shara sai gobe, babban injiniya kuma yana tsaye a kan aiki. Duk malamin makarantar da ya taɓa jin labarin zuwan sufeto ya san yadda aji yake zama a ranar. Shi ya sa mai sayen gyaɗa ba ya tsayawa ga abin da ya gani a bakin buhu, sai ya soka ƙarfe ya zaƙulo ta tsakiya.

Ƙasar Beljiyam ce ta fara soka ƙarfen. A 1998 masana biyu, De Fré da Wevers, suka ba da rahoton wani gwaji da aka yi a wata masana'antar ƙona shara ta ƙasar. An kafa na'ura wadda take zuƙar hayaƙi ba tsayawa har tsawon mako 2, aka kwatanta abin da ta tara da abin da awon awa 6 ya nuna. Sai ga shi awon da doka ta amince da shi ya rage ainihin abin da ke fita har ninki 30 zuwa 50. Dalilin bai ɓoyu ba. Tanderu ba ya tafiya daidai kullum. Akwai lokacin kunna shi bayan gyara, sa'ad da bututu yake da sanyi, hayaƙi yana ratsa wancan zafi mai haɗari a hankali. Akwai lokacin kashewa. Akwai ranar da matata ta yage, ko injin zuba gawayi ya tsaya, ko lantarki ya ɗauke. Bincike da dama ya nuna cewa a irin waɗannan 'yan sa'o'i ana iya fitar da kaso mai tsoka na gubar shekara guda. Har ila yau gubar takan maƙale a jikin bututu da kayan tacewa, ta riƙa sakowa kwanaki bayan an gyara matsalar. Babu mai gayyatar masu awo a irin wannan rana.

Maganin da aka samo ba wani abu ne mai ban al'ajabi ba. Na'ura ce da ake kafawa a bututu dindindin, tana ɗiban ɗan hayaƙi kowane lokaci tana tarawa cikin wani gwangwani mai ƙaro, bayan mako 2 ko wata guda a cire gwangwanin a kai ɗakin bincike, a sa sabo. Ba ta faɗin ranar da abin ya ɓaci, amma ba ta barin ya wuce ba a sani ba. Beljiyam ta riga kowa wajabta ta. Faransa, wadda ta ɗanɗana kuɗarta a Gilly, ta wajabta ta daga watan Yuli na 2014. A 2019 kuma Tarayyar Turai ta sanya wannan dogon awo cikin sababbin sharuɗɗanta, ko da yake ta bar ƙofar sassauci ga masana'antar da ta tabbatar hayaƙinta ba ya hawa da sauka. Masu masana'antu sun yi kukan tsada, kuma ba za a ce babu tsadar ba, tun da yake gwaji 12 ko fiye a shekara ya fi gwaji 2 cin kuɗi. Amma wanda ya iya gina masana'antar miliyoyin daloli, ya ce kuɗin gwangwani ne zai karya shi, to maganarsa tana bukatar a sake dubawa.

Akwai wani ma'aunin kuma wanda ba a saye shi da kuɗi, shi ne saniya da kaza. A 1989 ba daga bututu aka gano matsalar wata babbar masana'antar ƙona shara ta kusa da Rotterdam a ƙasar Holan ba, daga madarar shanun yankin Lickebaert aka gano, har aka hana sayar da ita. A birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan wata masana'anta ta yi aiki daga 1958 zuwa 2005 aka rufe ta, kowa ya manta da ita. Sai a 2021, bayan shekara 16, hukuma ta sanar cewa ƙasar unguwanni da yawa tana ɗauke da dayoksin, ta shawarci mazauna su daina cin ƙwan kajin da suke kiwo a gida da kabewar lambunsu. Kaza tana tonon ƙasa duk yini, abin da ta haɗiya kuma yana taruwa a gwaiduwa. Sabo da haka ƙwai 10 daga gidajen kewaye suna iya ba da labarin shekaru, labarin da awon bututu ba zai bayar ba. Hukumar da take auna bututu ba ta auna ƙasa da ƙwai da madara, rabin aiki ta yi.

Haka nan toka. Gwargwadon ingancin matata, gwargwadon gubar da take taruwa a ƙurar da ta kama, kuma tilas a san inda ake kai wannan ƙura. A Newcastle ta ƙasar Ingila, tsakanin 1994 da 1999, an baza tokar masana'antar Byker kimanin tan 2,000 a hanyoyin lambunan jama'a, daga baya aka sami dayoksin a ƙwan kajin wurin. Wannan labari ya shafi ƙasar nan kai tsaye, domin manoman kewayen Kano da Jos sun daɗe suna kwasar shara da tokar juji suna zubawa a gona a matsayin taki. A da, lokacin da sharar gari ba ta wuce kashin dabbobi da ganye da tokar murhu ba, dabara ce mai kyau. Yanzu da leda da roba da batir suka cika juji, abin ya sake.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Masana'antar ƙona shara ta zamani ba irin ta Gilly ba ce. A Faransa dayoksin da irin waɗannan masana'antu suke fitarwa ya ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin 100 tsakanin 1995 da 2006. A Japan, bayan dokar musamman da aka kafa a 1999, jimlar abin da ƙasar take fitarwa a 2003 ta ragu da kimanin kashi 95 cikin 100 idan an kwatanta da 1997. A Gilly ma, binciken likitoci da aka yi daga baya bai nuna cewa ciwon daji ya fi yawa a kwarin fiye da sauran wurare ba, ko da yake wani babban bincike na ƙasa baki ɗaya wanda aka fitar a 2008 ya sami alaƙa tsakanin zama kusa da tsofaffin masana'antun da yawaitar waɗansu nau'o'in ciwon. Masu cewa duk wani tanderu ajali ne sun wuce gona da iri. Sai dai ya kamata a lura da abin da ya jawo gyaran. Injiniyoyi sun san dabarar sanyaya hayaƙi da sauri da ta zuba gawayi tun da wuri. Ba a kashe kuɗi a kansu ba sai da lambobi suka fito fili, jama'a suka gani, majalisu suka motsa.

A ƙasar nan kuwa, babbar wutar ba ta da bututu balle a hau a auna. A Amurka, lissafin hukumar kare muhalli na shekarar 2000 ya nuna cewa bayan an gyara manyan masana'antu, ƙona shara a gangar ƙarfe a bayan gida shi ne ya zama babbar hanyar fitar dayoksin, kimanin kashi ɗaya cikin 3 na jimlar. Wutar juji mai cin rai a hankali, ga danshi, ga leda, ga wayar lantarki, tana zaune ne daidai a zafin da gubar take so. A 2019 ƙungiyoyin IPEN da BAN sun gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie cikin birnin Akra na ƙasar Gana, inda ake ƙona wayoyi don a ciro jan ƙarfe kafin hukuma ta rushe wurin a 2021. Sun lissafa cewa babban mutum da ya ci ƙwai ɗaya ya wuce abin da hukumar kula da abinci ta Turai ta ce jiki zai iya jurewa a rana har sau 220. Sai kuma ɗan tanderun bulo na bayan asibiti, wanda ake cusa wa sirinji da robar ƙarin ruwa da jakar jini, da yawansu kuwa robar PVC ce. An gina shi da kyakkyawar niyya, don kada yara su tsinci allura a bola, amma bututunsa gajere ne, ba shi da matata, galibi kuma yana maƙwabtaka da ɗakin marasa lafiya da gidajen ma'aikata.

Ba za a ce babu doka ba. Bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko, wadda asirinta ya tonu a 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekarar. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta a yi nazarin illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, masana'antar ƙona shara kuwa tana cikin jerin. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Stockholm a 2004, wadda ta ɗora wa ƙasashe nauyin lissafa dayoksin da suke fitarwa da kuma rage shi. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2011 kuma aka fito da ƙa'idojin hana ƙone-ƙone a fili. Amma lissafin da yawancin ƙasashe masu tasowa suke miƙawa ƙiyasi ne: ana ɗaukar yawan sharar da ake zaton an ƙona, a ninka da wani adadi daga littafin jagora na Majalisar Ɗinkin Duniya. Yana da amfani wajen sanin inda za a fara, amma ba zai gaya wa mai jego a wata unguwa ko ƙwan kazarta yana ciwuwa ba. Ɗakunan binciken da suke iya ainihin awon kaɗan ne a Afirka, sau da yawa sai an aika da samfur Turai da kuɗin waje.

A nan ne aiki ya faɗo kan ma'aikacin gwamnati, domin a takardar kwangila ake cin wannan yaƙi ko a faɗi. Ɗan kwangila zai zo da hotuna masu kyau da takardar shaida daga ƙasarsu, wadda take nuna abin da injin ya yi da sharar Turai, busasshiya, wadda aka riga aka tsince. Sharar biranen ƙasar nan rabinta ragowar abinci ne da ƙasa, da damina kuma sharkaf take, irin wadda take sauko da zafin tanderu. Ya kamata jami'in da ke rubuta sharuɗɗa ya dage a kan na'urar dogon awo wadda ba a kashe ta ko a lokacin kunnawa da kashe tanderu, ya dage cewa hukuma ce za ta zaɓi ɗakin bincike, mai masana'anta ya biya ta hannun hukuma, a kuma buga sakamakon kowane wata a jarida yadda ɗalibi da manomi za su gani. Kuɗin awon ya shiga kasafin kowace shekara, domin an sha ganin injin da aka saya da ɗoki ya mutu sabo da rashin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Jami'o'in da suke da sashen kimiyyar sinadarai kuma suna da hakkin neman a ba ɗaya daga cikinsu na'urar da horon da za su sa a daina tura samfur ƙetare.

Abu ɗaya ne ba ya jiran a gama gini. Idan ba a auna ƙasa da abinci kafin a kunna wutar farko ba, duk abin da aka samu daga baya gardama zai zama: kamfani ya ce tsohon juji ne ya bar shi, jama'a su ce bututu ne, alƙali ya rasa abin kamawa. Epe gari ne na masunta, a bakin ruwa yake. Tun yanzu ya kamata a ɗebi ƙasar wurin, da ƙwan kajin ƙauyukan kewaye, da kifin da ake kaiwa kasuwa, a gwada su, a ajiye sakamakon a ofishin ƙaramar hukuma da ɗakin karatun jami'a, inda duk mai bukata zai je ya karanta.